Shekarar da Na Zama Hancin Babana

Na san abin da kawunku Usman yake gaya muku a kaina, domin ko a gabana ba ya fasa faɗa: wai ni na tashi kakanku daga kan kujerarsa, na mai da shi tsohon da ke zaune a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai ya kamo labarin daga inda ya ga dama, ya bar farkonsa. To ga farkon. Da gangan na rubuta da Hausa. Ke Nura da kai Fahad, in ta gagare ku sai ku nemi mai karanta muku, ba ni na ce ku bar harshenku ya koma sai gaisuwa da sunayen abinci ba.

Kakanku Malam Habu yana da ɗan shago a unguwar Misfala, nan Makka, irin wanda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Turare yake sayarwa, amma ba ciniki ne ya yi masa suna ba, hancinsa ne. Man udu, wannan mai kauri da ake tatsa daga itacen udu, abu ne da ido ba ya iya yi wa hukunci. Kwalabe biyu za ka gani launi ɗaya, kauri ɗaya, ɗaya an cika ta da man banza jiya, ɗaya ta kwana shekara ashirin a cikin duhu tana gyaruwa. Saboda haka duk mai son saye ko sayarwa, Balarabe ne, Ba'indiye ne ko ɗan uwanmu Bahaushe, sai ya fara biyowa ta wurin Baba. Shi kuwa ba ya gaggawa. Da hantsi zai ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannunsa na dama, ya shinshina, ya ce wannan shi ne baki. Bayan Azahar, alwala ta bi ta kai sau ɗaya, ya sake shinshinawa, ya ce ciki ke nan. Bayan La'asar, alwala ta biyu, abin da ya rage shi yake kira wutsiya. Man algus da wuya ya ga Azahar. Sabon mai na kirki yakan buɗe baki da warin turke, kamar ka shiga inda awaki suka kwana, sannan ya yi laushi. Tsoho kuwa ba ya ihu, kuma ba ya tafiya. Sai Baba ya ji wutsiya yake buɗe baki, ya faɗi ƙasar da man ya fito, da kimanin shekarunsa, da ko an taɓa barinsa a rana. In ya faɗa, magana ta ƙare a duk kasuwar.

Gidanmu kaf hancin nan muke bauta wa. Ranar da aka kawo kwalba ba a soya albasa, ba a kunna turaren wuta, daddawa kuwa ko gwangwaninta ba a buɗewa. Innarmu ta yi shekara talatin da wani abu tana ƙorafi tana bi. Ni kuma tun ina ƙarama ni ke wanke masa ƙananan kwalabe, in na gama yakan miƙo min murfi ya ce in faɗi abin da na ji. Wasa yake yi, ni ma a wasa na ɗauka. Ya gwada Usman sau biyu ya haƙura, don kawunku, Allah ya ja kwanansa, bai iya raba man udu da kananzir ba har yau.

A shekarar da nake ba ku labari mahaifinku yana aiki a Jidda, ni da ku muna zaune a benen gidan Baba. Bayan aikin hajji Baba ya yi wata mura mai nauyi, irin wadda alhazai kan bar mana su tafi. Ya kwanta mako biyu ya tashi, ya koma shago, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ana nan rannan aka kawo masa kwalba, amaryar Usman kuma, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, ita ke da girki. Ba wanda ya tuna ya gaya mata dokar gida. Ta zuba wa miyar kuka daddawa har da ƙari, tana so ta burge suruki. Tun daga bene na ji, na sauko da gudu, amma kwano ya riga ya isa gaban Baba. Ni da Inna muka tsaya bakin ƙofa muna jiran a tashi gidan. Ya ci, ya suɗe hannu, ya sa wa amarya albarka. Inna ta yi ajiyar zuciya, ta ce tsufa ya fara sanyaya shi. Ni kuwa na ɗauke kwanon. Na san mutumin da ke jin daddawa daga bakin layi ba haƙuri ya yi ba. Bai ji ba ne.

Kun san al'adar nan garin, ɗa ko 'ya in uba ya shigo sai a sumbaci bayan hannunsa. Mu ma mun tashi a kai. Da ya dawo bayan La'asar a ranar, na durƙusa na kama hannunsa, na daɗe a kai fiye da yadda aka saba. Na miƙe ina tattara kofunan shayi, na ce kamar da bango nake magana:

"Wannan na yau bai kai La'asar ba. Ƙamshin man sandal ne kawai ya rage."

Baba bai kalle ni ba. Ya kurɓi shayinsa, ya sa takalmi ya koma shago. Da yamma Usman ya shigo yana ba da labarin yadda Baba ya kama wani mai algus, wai ya ce masa an cika kwalbar da man sandal.

Haka muka fara, kuma haka muka yi wata takwas ba tare da ɗayanmu ya ambaci abin ba. Sai ga Baba ya koyi mantuwa. Kullum da hantsi sai ya dawo gida, yau tabarau ya bari, gobe carbi, don dai in ji bakin man. Yana shigowa zai ɗaga murya yana gaya wa Inna wanda ya kawo kwalba da abin da yake so a duba masa, ita kuwa tana mamakin yadda mijinta ya zama mai surutu a tsufansa. Ni kuma in sumbaci hannu, in jefa maganata a cikin hirar wanke-wanke. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin watannin nan. A bayan hannun tsohon nan na zaga ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Na koyi man Hindi mai nauyi da ɗaci, da na Kambodiya mai zaƙi kamar busasshen 'ya'yan itace, na koyi yadda shekaru ke cire wa mai kaifi su bar masa zurfi. In zuciyata ta tsikare ni, sai in ce mata ai hukuncin gaskiya ne, wa aka cuta? Sunan Baba ma sai ƙara tashi yake yi.

Sai ranar Malam Tanko ta zo. Tsoho ne daga unguwar Tandabawi, kowa ya san shi. Ya zo hajji tun yana saurayi bai koma ba, ya yi shekaru yana ɗaukar ruwa a kafaɗa zuwa gidajen mutane, da famfo ya kashe sana'ar ya koma tura tsofaffin alhazai a keke. Ba mata, ba ɗa. Baba ya shigo da hantsi neman tabarau, ya ce wa Inna yau ya ga abin dariya da ban tausayi. Wai Malam Tanko ya daɗe da sayen tola biyu na man udu, abin da bai fi babban cokali biyu ba, shekara arba'in ko fiye, daga hannun wani Ba'indiye da ya yi wa hidima. Kwalbar ta tsage a hanya, shi kuwa ba shi da wata, sai ya juye man a tandun da ya zo da shi daga gida, ɗan tulun fatar nan da mata ke zuba kwalli ko mai a ciki. Ya toshe bakin, ya naɗe da tsumma, ya sa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Don likkafaninsa ya ajiye. Yanzu likita ya gaya masa abin da ke cikinsa ba na warkewa ba ne, shi ne ya ɗauko.

"Duk 'yan kasuwa dariya suke yi," in ji Baba. "Man udu a fata. Sun ce sai dai warin jima. Shi kansa ya ce ya shinshina har ya rasa gane komai, tsoro ya hana shi. Ya ce min, Malam Habu, ban yarda da hancin kowa ba sai naka. Ka shaida min tsakaninka da Allah, in ya lalace in sani, kada in je gaban Ubangijina da wari."

Ya miƙo min hannu yana maganar.

Na yi shekaru ina neman yadda zan faɗi abin da na ji, har yau ban gamsu ba. Ba wari, ba kaifi, ba wannan ihun na sabon mai. Abin da ya fara zuwa ƙamshin ƙasa ne lokacin da ruwan farko ya sauka a kanta, kun san yadda yake da wuya a garin nan, yadda mutane ke fitowa tsakar titi su tsaya. A ƙarƙashinsa akwai wani sanyi mai ɗan ɗaci. Na ɗago kai na ga Baba yana jira. Na ce masa tabarau ɗinsa yana kan taga. Bayan Azahar na yi zaton alwala za ta rage shi. Ƙaruwa ya yi. Ƙasar ta ja baya, sai dabino da zuma suka fito, ba zaƙin alewa ba, zaƙin abin da ya daɗe. Fatar ma tana nan, amma ba warin jima ba, irin ƙamshin gafakar tsohon Alƙur'ani da hannuwa suka shafa shekara da shekaru. Sai daga baya na gane abin da ya faru: fata tana numfashi, kwalba ba ta yi. Ruwan da ke cikin man da duk ƙazantarsa sun yi ta fita a hankali ta jikin tandun, rabin man ya tafi, abin da ya saura ya zama wani abu dabam. Kuskuren mai ɗaukar ruwa ya yi abin da manyan attajirai suka kasa da kwalabensu masu tsada. A lokacin dai ban san wannan ba. Na san kawai na kasa cin abinci, na hau bene na zauna ina ta tasbihi ba tare da na yi niyya ba.

Bayan La'asar ya shigo ya zauna a inda ya saba. Na durƙusa. Wutsiyar ba ta yi kama da komai da na sani ba. Ba itace, ba zuma, ba hayaƙi. Wani abu ne mai tsabta, mai natsuwa, wanda in ka matsa kusa sai ya yi kamar babu, in ka ja baya sai ya biyo ka. Na ji ƙanƙantar kaina kamar yadda nakan ji in na shiga Harami na ɗaga ido. Itacen da ya ji ciwo a wani daji mai nisa, ya yi ta zubar da hawayensa cikin jikinsa, a tatse shi, a manta da shi ƙarƙashin gadon talaka shekara arba'in, Allah ya yi ta aikinsa a cikin duhu ba mai gani. Hawayena suka zuba a hannun Baba. Ya ce wa Inna ta ba mu wuri. Da ta fita ya yi magana a hankali, karo na farko a wata takwas ba tare da kewaye-kewaye ba.

"Faɗa min, ya binti, 'yata. Tun safe kin bar ni a duhu."

"Baba, irin wanda ka ce mutum kan yi sana'ar nan ya mutu bai gamu da shi ba. Shi ne."

Ya kai hannun hancinsa, ya ja numfashi har sau uku, ƙirjinsa na ɗagawa. Ya sauke hannun. Shekara hamsin yana jiran wannan mai, ya zo ya same shi a kan fatarsa, kuma da shi da ruwan famfo duk ɗaya ne a wurinsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

"Tayyib, to madalla," ya ce. "Ba ni shi dalla-dalla. Baki, ciki, wutsiya. Suna can suna jira."

"Ba zan ba ka ba, Baba."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba.

"Sauran duk na ciniki ne," na ce. "Wannan mutum shaida ya nema, da sunan Allah, da hancinka. Da abin da za ka faɗa masa zai shiga kabari. Ba zan sa ka rantse a kan abin da ba ka ji ba."

"Ƙarya za ki faɗa min?"

"A'a."

"To in gaskiya ce, ina ruwan Tanko da hancin da ta bi ta fito?"

"Shi ya kamata a tambaya, ba ni ba."

"Kin san abin da kike nema in yi? In na faɗa, khalas, tawa ta ƙare. Ba mai sake kawo min ko ruwan wardi."

"Na sani."

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don wannan kawunku bai sani ba, da ya sani da ya ƙara samun abin faɗa. Tsoron Allah ne ya sa na ƙi, wannan gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai son kai a ciki. Wata takwas ina ba da abin da na ji kyauta, ana yabon wani, ban damu ba. Wannan kuwa na kasa. Ni na ji shi, ni kaɗai a duk Makka, kuma zuciyata ba ta yarda in miƙa shi ya fita ta bakin wani ba, ko da ubana ne. Har yau ban iya raba wanne ya fi wanne nauyi ba.

Baba ya jawo takalminsa ya sa. Sannan ya tashi ya fita, ko sallama bai yi min ba. Usman yana shagon, daga bakinsa na ji sauran. Mutane sun cika har waje, yawancinsu sun zo a yi dariyar tandu. Baba ya ƙi zama a kujerarsa. Ya tsaya ya ce tun bayan hajji hancinsa ya mutu, duk hukuncin da ya yanke musu a watannin nan na 'yarsa ne, wanda yake ganin an zalunce shi ya zo a warware. Ya kama hannun Malam Tanko ya jawo shi har gida, ya zaunar da shi a zaure, ya ce min in yi magana ta bayan labule. Na faɗa wa tsohon duk abin da na ji, tun daga ƙasar ruwan farko har wutsiyar da na rasa sunanta. Na ce masa ko sarki ba shi da irinsa. Ina jin numfashinsa mai wahala.

"Yarinya, ni ban san baki da wutsiya ba," ya ce. "Ba wari dai ko?"

"Ba wari, Malam."

"To alhamdu lillahi. Shi ke nan abin da nake so."

Washegari manyan masu turare biyu suka bi shi har Tandabawi suna roƙon ya sayar musu ko rabin tola. Ya ba su shayi ya sallame su.

Abin da Baba ya faɗa kuwa haka ya faru. Kasuwa ta yaba masa gaskiyarsa da baki, ƙafa kuma ta ɗauke. Ba wanda zai kai kwalbarsa ga mai hancin da ya mutu, kuma a wancan zamani ba namijin da zai yarda a ce mace ta bayan labule ta yi wa hajarsa hukunci. Kafin wata ya cika Baba ya miƙa wa Usman makulli, ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar gida. Inna ta yi mako guda ba ta ci abincin da na taɓa ba. Shi bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ina wucewa ta gabansa safe da yamma, ina ganin mutumin da kasuwa guda ke jiran bakinsa yana korar ƙuda, na san ni na zaunar da shi a wurin. Na yi kukan da ba ku sani ba, kuna ƙanana.

Malam Tanko ya rasu bayan wata biyu, da safiyar wata Laraba. Ya bar wasiyya Baba ne zai shafa masa man. Baba ya je, aka yi wanka, ya juye tandun kaf a likkafani da gaɓoɓin sujada, aka ɗauki gawar zuwa Harami don a sallace ta bayan Azahar. Ya dawo gab da La'asar, ƙura har gwiwa. Maimakon ya zauna a ƙofa sai ya hau bene, abin da ya yi shekaru bai yi ba, ya same ni ina ninke kayanku. Ya tsaya yana haki.

"Mu bakwai muka ɗauko shi," ya ce. "Mutum ba dangi, wa zai bi shi? Muna fitowa layi sai na ga mai shagon burodin tamis ya ɗago kai. Na ga masu tasi suna leƙowa. Alhazai da kayansu a hannu suna tsayawa, suna juyowa, suna neman inda abin yake fitowa. Wani ya ajiye jakarsa ya sa kafaɗa, wani ya karɓe shi. Kafin mu isa ƙofar Harami na kasa kaiwa ga makarar, sai daga baya nake bi."

Ya share fuskarsa da gefen rawani.

"Ban ji komai ba, Saudatu. Ina ƙarƙashinsa, ban ji komai ba. A fuskokin mutane na gan shi. Yadda kika faɗa, haka yake."

Ya yi shekara shida bayan wannan a kan kujerar ƙofar gida, bai sake taka shagon ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya yafe min. Ya ce ya yafe tun ranar, kewar sana'arsa ce dai ba ta sake shi ba, kuma wannan ba ni da maganinta.